Tafiyar ɗalibai zuwa Yankari da kofunan da ke ofishin shugaban makaranta: me iyaye ke saya da kuɗinsu?

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum, iyaye da malaman da ke wannan zaure. Ina neman shawararku a kan 'yata, wadda take ajin farko na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Kano. An ba su takardar ƙarshen zango su kawo gida, kuma rabinta duk labarin nasarori ne: makarantar ta zo ta biyu a wata gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, wani ɗalibi ya kai matakin jiha a musabaƙar Alƙur'ani, wata ɗaliba ta haura maki 300 a jarrabawar JAMB, ga hotunansu nan riƙe da kofuna. Daga nan sai jerin ƙungiyoyi, ta muhawara da ta 'yan jarida da ta JETS (ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere), kowace da kuɗin shigarta. A shafin ƙarshe kuma aka sanar da cewa a zango mai zuwa za a kai 'yan ajinsu Yankari a Jihar Bauchi, tafiyar kwana uku, kuma kuɗin ya kusa kai rabin abin da muke biya na zango guda. Mahaifinta ya ce duk wannan talla ce kawai ake yi da 'ya'yan mutane, ita kuma yarinyar tun ranar ba ta da wata magana sai ta Yankari. Shin waɗannan tafiye-tafiye da gasanni suna ƙara wa yaro ilimi da gaske, ko kuwa hanya ce ta ƙara karɓar kuɗi daga hannun iyaye?

Malam_Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata makaranta mai zaman kanta, kuma a ganina darajar ziyara tana ga shirin da aka yi wa yara kafin a tashi, da aikin da aka ba su bayan an dawo. Na sha koyar da darasin yadda iskar oksijin take sauya sinadari, in rubuta a allo, yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. Da muka kai su marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, wani dattijon marini ya tsoma farin ƙyalle a cikin ramin baba ya tsamo shi, sai ga ƙyallen ya fito kore-kore, yana riƙe da shi a sarari a gaban idonsu ya riƙa juyewa yana komawa shuɗi. Ya sake tsomawa ya sake tsamowa, shuɗin ya ƙara duhu. Wata yarinya ta tambaye shi dalilin da ya sa ba zai bar ƙyallen a ciki ya daɗe ya huta da wannan wahala ba, ya amsa mata cewa sai ya sha iska rini yake kamawa. Ya kuma nuna musu yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su tsima kwanaki kafin ramin ya nuna. Da muka koma aji ban sha wahalar bayani ba, domin su da kansu suka haɗa abin da suka gani da abin da ke littafi. Saboda haka, Hajiya, ki tambayi makarantar wane darasi ne tafiyar Yankari ta rataya a kansa, kuma wane malami ne zai duba rahoton da yaran za su rubuta. Idan an ba ki amsa a tsaye, akwai ilimi a ciki.

Baban_Yara_Zariya:
Ni ina tare da maigidanki, Hajiya, musamman a kan batun kofuna. Makarantar da ke da ɗalibai ɗari da wani abu a ajin ƙarshe, idan ta buga hoton mutum ɗaya da ya haura 300 cikin 400 a JAMB, ba ta gaya miki komai ba game da sauran. Abin da ya kamata uwa ta nema shi ne adadin waɗanda suka zauna WAEC ko NECO a bara, da adadin waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, domin wannan ne mabuɗin shiga jami'a. Na san makarantun da suke ware yara biyar ko shida masu ƙwaƙwalwa tun farkon shekara, a ba su malamai na musamman, a cire su daga aji ana yi musu horon gasa, sauran kuwa a bar su da kwafar rubutu daga allo. Akwai ma masu zuwa su ɗauko haziƙin yaro daga makarantar gwamnati su ba shi gurbin karatu kyauta a shekarar ƙarshe, domin sunansa ya hau allon tallarsu a bakin titi.

Hajiya_Kaka:
Ni dai magana ɗaya gare ni. Jikata mace ba za ta kwana a daji ba a wannan zamani, ko da kyauta za a kai ta. Ba mu manta da sace ɗaliban Ƙanƙara ba, ba mu manta da na Jangebe ba, ga kuma na Kuriga. Allah ya tsare mana zuri'a.

Ɗan_Bauchi:
Amin, Hajiya Kaka, kuma babu wanda zai ga laifinki a kan wannan tsoro. Sai dai yaran Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Jangebe a Fabrairun 2021, da na Kuriga a Maris ɗin 2024, duk a makarantunsu aka same su, ba a wurin ziyara ba, don haka tambayar tsaro tana kan makarantar kanta kafin ta kai ga tafiya. Game da Yankari kuwa, a matsayina na mutumin jihar, zan ce wuri ne da ya cancanci ɗalibi ya gani. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, akwai kogwannin Marshall da mutanen dauri suka haƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, akwai kufan wuraren da aka narka tama a zamanin da, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki da ke tsaye a kan ma'aunin zafi 31 dare da rana. Amma ki duba lokacin da suka sa tafiyar. Da rani ne ake ganin namun daji sosai, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Idan da damina aka kai su, za su iya zagaye dajin ba su ga komai ba sai birai da gadu da ke yawo a cikin sansanin.

Mai_Makaranta:
Jama'a, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu, domin ina da makaranta kuma na shirya irin waɗannan tafiye-tafiye. Iyaye da yawa suna ɗauka riba muke ci, alhali idan aka cire hayar mota da mai da masauki da abinci da kuɗin shiga da na motar zagaya daji da na malaman rakiya, sau da yawa makaranta ce take cikasa gibi daga aljihunta. Ziyarar gandun Gwamnatin Tarayya irin Yankari ba abu ne mai araha ba, balle yadda kuɗin mai ya tashi tun bayan cire tallafi a 2023. Game da maganar Baban Yara, gaskiya ne muna buga hotunan waɗanda suka yi fice, kuma ba na jin kunyar hakan. Yaron da ya yi wata da watanni yana tashi da asuba yana bitar lissafi har ya kai matakin da ake nunawa a talabijin a gasar Cowbellpedia, ya cancanci a yaba masa a gaban jama'a, kuma ƙannensa na ajin ƙasa suna ganin hoton su ce su ma za su iya. Uban da ya zo neman gurbi ma, abin da yake fara tambaya ke nan: me kuka ci?

Ɗan_Bauchi:
Ƙaramin gyara, ranka ya daɗe. Yankari ta zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1991, amma tun 2006 aka mayar da ita hannun Gwamnatin Jihar Bauchi, kuma a hannunta take. Na faɗa ne saboda duk makarantar da za ta rubuta takardar neman izini ko rangwamen ɗalibai ta san inda za ta nufa.

Tsohuwar_Ɗaliba:
Mama Ummu Safiyya, ina gaisuwa. Ni na gama irin wannan makaranta, yanzu ina karatun lauya, kuma ina so in yi magana a kan ƙungiyoyin da kika ambata, domin kowa ya tafi Yankari an bar su a baya. Lokacin da na shiga babbar sakandare ba na iya ɗaga hannu a aji, ko da na san amsa. Malamar Turancinmu ce ta rubuta sunana a ƙungiyar muhawara, kuma duk ranar Laraba bayan an tashi sai ta ba mu maudu'i, ta raba mu gida biyu, ta sa agogo a kan tebur, kowa minti uku. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne yadda take tilasta mana kare ra'ayin da ba namu ba, domin ta haka na koyi sauraron hujjar abokin hamayya kafin in buɗe baki. Ba mu taɓa cin kofi ba a zamaninmu, sunanmu bai taɓa fitowa a takardar ƙarshen zango ba, amma yau da wannan horon nake tsayawa a gaban malamaina. Idan kuɗin ba zai isa duka biyun ba, Mama, ni a ganina ƙungiyar da take zama kowane mako ta fi tafiyar kwana uku, muddin da gaske ana zaman. Ki tambayi Safiyya ko ƙungiyar tana haɗuwa, ko kuwa sai an ji labarin gasa ake tara su.

Direban_Unguwa_Uku:
Ni direban bas ne, kuma makarantu suna ɗaukar mu haya. Abin da nake roƙon iyaye shi ne su je su ga motar da idonsu ranar tafiya. Daga Kano zuwa Bauchi ta Ningi tafiya ce mai nisa, daga Bauchi kuma akwai sauran fiye da kilomita 100 kafin a shiga sansanin, don haka motar da ba ta da tayoyi masu kyau da safaya ba ta da dalilin ɗaukar 'ya'yan mutane. Na ga inda aka cusa yara huɗu a kujerar mutum uku domin a rage mota ɗaya. A tashi da sassafe, a isa da rana tsaka, kada a yarda magariba ta riski yara a hanya, kuma a sa malami a kowace mota, ba a tara malamai a mota guda a bar direba shi kaɗai da yara ba.

Malama_Tarihi:
Maganar Malam Kimiyya ta taɓa abin da ya daɗe yana damuna. A ajina akwai yaran da aka haifa a Kano, an kai wasunsu Dubai da Umara, amma ba su taɓa hawa Dala ba, ba su taɓa shiga gidan tarihi na Gidan Makama ba, alhali ginin yana nan daura da fadar Sarki tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ranar da na kai su, sun tsaya a gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka adana a can, ina ba su labarin shigowar Turawa Kano a 1903, sai wani yaro ya ce shi a zatonsa ganuwa tudun ƙasa ce kawai da ake zubar da shara a gindinta. Daga nan muka wuce Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, domin su san inda irin karatun da suke yi ya faro a wannan gari. Duk wannan a yini guda muka yi shi, kowa ya kwana a ɗakin uwarsa, kuma abin da aka karɓa bai wuce kuɗin mota da na shiga ba. Ba ina kushe Yankari ba ne, amma makarantar da ta tsallake kasuwar Kurmi da Dala da madatsar ruwa ta Tiga ta nufi Bauchi, ya kamata a tambaye ta dalili. Mai koyar da labarin ƙasa zai sami darasin zango guda a Tiga kaɗai, tun daga gina ta a 1974 har zuwa noman rani da take shayarwa a Kadawa da Kura.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu ma a nan makarantu masu zaman kansu suna yin irin wannan, kuma iyaye suna yin irin wannan ƙorafi. Waɗanda suke da hali suna kai ɗalibai Yamai su ga gidan tarihi na Boubou Hama, inda akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamadarmu, da ragowar bishiyar nan da ta taɓa tsayawa ita kaɗai a hamadar Tenere. Amma tafiyar tana cin yini guda cur a mota, shi ya sa da yawa suke tsayawa a gida, su kai yara fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, a tuna musu cewa garin nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ina goyon bayan Malama Tarihi a kan a fara da na kusa. Mu ma a nan allon talla a ƙofar makaranta sakamakon BEPC da na Bakaloriya, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba, yake ɗauke da shi, kuma ba a rubuta adadin waɗanda suka faɗi.

Malam_Tahfiz:
Ina so in tsaya a kan yaron da aka ce ya kai matakin jiha a musabaƙa. Allah ya yi masa albarka ya sa Alƙur'ani ya cece shi. Musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shiryawa tun 1986 ba wasa ba ce, ana tacewa ne daga ƙaramar hukuma zuwa jiha kafin a kai ga ƙasa, kuma wanda ya shiga rukunin izu ashirin ko arba'in ko sittin ya yi shekaru yana tilawa. Tambayata ita ce, a ina ya yi haddar? Sau da yawa yaro a Islamiyyar unguwa ko a gaban wani alaramma ya haddace, da asuba da bayan magariba, sai makarantar boko ta sa masa rigarta ta ɗauki hoto. Idan makarantar tana da sashen hadda na gaske, da malamai da lokacin muraja'a a jadawali, to nasararta ce kuma a yaba mata. Idan babu, adalci shi ne a ambaci malamin da ya yi wahalar.

Abu_Muhsin:
Tunda an zo batun sakamako, Baban Yara ya ce a nemi adadin masu kiredit biyar, amma ko wannan adadin ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Kowa a zauren nan ya san akwai cibiyoyin da ake yi wa ɗalibi alkawarin ci tun kafin ya zauna jarrabawa, a karɓi kuɗi na musamman, a rubuta amsa a allo. Yaro ya fito da A1 a Lissafi, ya je JAMB inda shi da kwamfuta ne kaɗai, ya kasa kai rabin maki. Ni a wurina makarantar da kowa da kowa ya ci babu ko mutum ɗaya da ya faɗi ta fi ba ni tsoro.

Baban_Yara_Zariya:
Haka ne, Abu Muhsin, shi ya sa ake haɗa biyun a duba, sakamakon WAEC da makin JAMB na ajin gaba ɗaya. Idan suka yi hannun riga da juna, an san abin da ya faru. Amma kada mu yi nisa da tambayar Hajiya.

Ummu_Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je makarantar na ga mataimakiyar shugaba, na yi mata tambayoyin da kuka ba ni. Ta ce a watan Fabrairu za a yi tafiyar, wanda ya yi daidai da abin da Ɗan Bauchi ya faɗa, kuma malamin nazarin halittu da na labarin ƙasa ne suka tsara ta, har ta nuna mini takardar tambayoyin da kowane ɗalibi zai cike a can. Ta ce malamai mata uku za su kwana tare da 'yan mata, kuma za a tsaya a cikin garin Bauchi a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan ya kwantar mini da hankali. Da na tambayi sakamakon ajin ƙarshe na bara gaba ɗaya kuwa, sai ta ce sai shugaba ya dawo, kuma har yanzu ba a kira ni ba. Ita Safiyya ta ce ƙungiyar 'yan jarida tana karanta labarai a taron safe duk Litinin, amma ta JETS ba ta zauna ba ko sau ɗaya a wannan zango, ko da yake an karɓi kuɗinta.

Malam_Kimiyya:
Hajiya, batun JETS ɗin nan bai ba ni mamaki ba, kuma zan faɗi dalilinsa ko da abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Ƙungiya ba ta rayuwa sai da malamin da zai tsaya bayan an tashi, kuma a makarantun kuɗi da yawa malamin kimiyya ɗaya ne yake ɗaukar azuzuwa shida, albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, da an buga ƙararrawa yake rugawa gidajen da yake koyar da darasin yamma. Kuɗin ƙungiya da iyaye suke biya ba ya isowa hannunsa, ba a sayo waya ko batir ko ƙarfen liƙi da yara za su haɗa wani abu da shi, sai mako biyu kafin gasa a kira shi a ce ya ƙera abin nunawa. A ƙarshe malami ne yake ƙera na'urar da daddare, yara su haddace bayaninta da safe. Wannan ya fi ci mini rai fiye da komai, domin akwai yaran da idan aka sa musu kayan aiki a gaba za su ba mutum mamaki. Ina roƙon Mai Makaranta da takwarorinsa su ware wani kaso na kuɗin ƙungiya ya tafi ga kayan aiki da alawus ɗin malami, a kuma rubuta shi a fili iyaye su gani.

Nas_Maryam:
Idan kin yanke shawarar barin ta, Yaya, ki tabbatar an ba ku takardar bayanin lafiya kun cike. Duk yaron da ke da asma ko sikila ko farfaɗiya, dole malamin rakiya ya sani, maganinsa kuma ya kasance a hannu, domin a cikin daji asibiti ba kusa yake ba. A tafi da gidan sauro da akwatin agajin gaggawa. Sannan ruwan Wikki garai-garai yake har ana hango ƙasansa, wannan ne yake sa yara su ɗauka ba shi da zurfi, alhali akwai inda ya fi tsayinsu. Yawancin 'ya'yanmu na birni ba su iya ruwa ba, don haka a tambayi wanda zai tsaya a kansu, kuma a raba lokacin maza da na mata.

Uban_Marayu:
Ina karanta ku tun farko, kuma akwai waɗanda ba a yi maganarsu ba, wato yaran da ba za su je ba. Ina riƙe da 'ya'yan ɗan'uwana da ya rasu tare da nawa, kuma kuɗin makaranta kansa da kyar nake haɗa shi kashi-kashi. Lokacin da aka kai ajin babbar cikinsu Abuja su ga Majalisar Tarayya, ita da wasu 'yan kaɗan aka bari a aji babu malami, aka ce su yi karatu da kansu. Da aka dawo, sai malamin ya sa tambaya a gwajin zango daga abin da aka gani a can. Ta dawo gida ba ta ce mini komai ba, a bakin ƙanwarta na ji. Idan ziyara darasi ce, to haƙƙin kowane ɗalibi ce, a nemi inda kowa zai iya zuwa. Idan kuma ta masu hali ce, kada a sa ta a jarrabawa, kuma kada a yi ta a ranakun karatu.

Hajiya_Kaka:
Wannan bawan Allah ya faɗi gaskiya, Allah ya ba ka ladan riƙon marayu. A kai su Gidan Makama da Dala kamar yadda Malama ta ce, kowa ya je kowa ya dawo kafin la'asar. Ni har yanzu ban sauka daga ra'ayina a kan kwana ba.

Mai_Makaranta:
Uban Marayu, abin da aka yi wa 'yarka kuskure ne, kuma babu mai makarantar kirki da zai kare shi. Abin da muke yi a wurinmu shi ne, ziyarar cikin gari tana cikin kuɗin makaranta kuma kowa yana zuwa, ta nesa kuma a lokacin hutun tsakiyar zango ake yin ta, ba ta shiga gwaji. Ƙungiyar iyaye da malamai tana ɗaukar nauyin wasu ɗalibai a asirce, ba tare da 'yan ajinsu sun sani ba. Malam Kimiyya kuma, na ji ƙorafinka kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ka sani iyayen da suke neman a ƙara wa malami albashi su ne suke cire 'ya'yansu idan aka ƙara kuɗin makaranta. Hajiya Ummu Safiyya, ki koma ki nemi sakamakon nan a rubuce, haƙƙinki ne, kuma ki nemi a mayar muku da kuɗin JETS ko a fara zama.

Tsohuwar_Ɗaliba:
Baba Mai Makaranta, da za a ba ɗaliban da suka je damar tsayawa a taron safe su yi wa sauran bayanin abin da suka gani, da hotuna da taswira, da waɗanda ba su je ba sun sami wani abu, su kuma masu bayanin sun koyi magana a gaban jama'a. A makarantarmu ƙungiyar 'yan jarida ce take yin wannan.

Ummu_Safiyya:
Na karanta wa mahaifinta duk abin da kuka rubuta. Ya sassauto a kan tafiyar, amma ya ce ba zai biya ba sai ya ga sakamakon bara da idonsa, kuma sai an gaya masa kamfanin motar da za a ɗauka. Ni kuma maganar Uban Marayu ta tsaya mini a rai, domin aminiyar Safiyya tana cikin waɗanda ba za su iya biya ba. Akwai taron iyaye da malamai a Asabar ta farko bayan an koma, kuma ina so in gabatar da shawarar a mayar da ziyarar cikin gari ta zama ta kowa. Waɗanda suka taɓa kai irin wannan magana gaban taro, ta wace hanya kuka bi har aka saurare ku?

Baban_Yara_Zariya:
Kada ki bari sai ranar taro, Hajiya. Ki rubuta wa shugaban ƙungiyar iyaye takarda tun yanzu domin a sa batun a ajanda, in ba haka ba sai an gama maganar kuɗin makaranta mutane sun fara tashi sannan za a ba ki dama. Ki nemi iyaye huɗu ko biyar daga ajin su sa hannu tare da ke, kuma ki je da lissafin abin da yini guda a Gidan Makama da Ƙofar Mata zai ci wa kowane yaro. Malama Tarihi, ko za ki taimaka mata da yadda kuka tsara taku?

Malama_Tarihi:
Zan tura mata jadawalin da takardar tambayoyin da muka ba yara, in sha Allahu, da zarar na tashi daga makaranta. Sai dai ta lura cewa mu ranar Alhamis muka je, kuma mun aika wa gidan tarihin takarda mako biyu kafin ranar domin a tanadar mana mai yi wa yara bayani.